Auna ɗakin kafin ka sayi monita

Mafi yawan ɗakunan da ake mayarwa situdiyo a Sakkwato kamarsu ɗaya: ginin bulo da aka shafe da siminti, ƙafa sha biyu a sha biyu ko kusa da haka, tayil a ƙasa, silin a sama, rufin kwano a bisansa, ƙofar ƙarfe da taga ɗaya. Daga Mabera zuwa Arkilla, daga Gidan Igwai zuwa Runjin Sambo, abin da magina suka saba yi ke nan. Ɗakin kwana ne mai kyau, amma wajen haɗa sauti yana cikin mafi wuyar sha'ani. Duk monitar, wato lasifikar aikin situdiyo, da ka ajiye a cikinsa, ko nawa ka saye ta, abin da zai iso kunnenka gauraye yake da abin da bangaye suka dawo da shi. Shi ya sa mutum zai kwana yana mikisin, ya ji waƙa ta zauna daram, da safe a tura ta waya ko a sa ta a mota, sai bes, wato sautin ƙasa mai kauri, ya ɓace, ko ya yi yawa har ya binne muryar mawaƙi. Sai a ɗora wa monita laifi, a fara tara kuɗin babba. Babbar kuma ta zo ta ƙara dagula lamarin.

Don haka kuɗin da ka tanada, raba su tun kafin ka kira mai shago. Kusan rabi ga monita, kashi ɗaya cikin uku ga gyaran ɗaki, sauran ga wuta da wayoyi da abin ɗora monitar. Monitar da babban bakinta inci 5 ne a ɗakin da aka gyara ta fi mai inci 8 a ɗakin da bangayensa suke tsirara, nesa ba kusa ba.

Monita daban take da lasifikar falo ko ta gidan biki. Waɗancan an ƙera su don su faranta rai, an ƙara musu bes, an ƙara musu kaifi a sama, kowace waƙa ta fito da ado. Monita kuwa aikinta ta faɗa maka abin da ke cikin waƙar ba ƙari ba ragi, har da wanda ba ka son ji. Wanda ya yi mikisin da lasifikar da ke kumbura bes zai rage bes ɗin waƙarsa bai sani ba, kamar mai awon hatsi da mudun da ya lotse: a gabansa ya cika, a gidan mai saye ya gaza. To ɗakin da ba a gyara ba haka yake lotse ma'auni, ko da monitar mai gaskiya ce.

Ga yadda abin yake faruwa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya idan zafin iska digiri 20 ne, yana kuma ƙara sauri gwargwadon zafi. A ɗakin Sakkwato ka ɗauki 350, lissafinka zai fi kusa da gaskiya. Tsakanin kowane bangaye biyu masu fuskantar juna akwai muryar da ke maƙalewa, tana kai da komo tana ƙarfafa kanta. Ana gano ta ta hanyar raba 350 da ninkin tazarar bangayen a mita. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, ninkinta 7.32, amsar kusan 48 Hz, wato kaɗawa 48 a daƙiƙa ɗaya. Daga nan sai 96, sai 144, haka dai. Ɗaki mai sha biyu a sha biyu tsawonsa yana ba da 48, faɗinsa ma 48, matsala ɗaya ta hau kan 'yar'uwarta. Kuma 48 Hz tana daf da muryar da ake kira G ta can ƙasan fiyano, wanda yake 49 Hz, 96 kuma tana daf da G na samansa, mai 98. Duk waƙar da bes ɗinta ke taka G, wannan muryar za ta riƙa kumbura, ta daɗe ba ta mutu ba, na kusa da ita kuma su koma kamar babu su. Mai mikisin ya kama EQ, abin ƙara ko rage wani ɓangaren sauti, ya yanke G ɗin, alhali a cikin waƙar lafiyarsa ƙalau.

Kumburin nan ba ko'ina yake daidai ba. Jikin bango da lunguna yake taruwa. A tsakiyar ɗaki kuwa 48 ɗin tana kusan ɓacewa, 96 ta yi ƙarfi. Kana iya jin wannan da kunnenka yau ɗin nan: buɗe manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase, kunna sautin gwaji tsantsa a kan 48 Hz ta lasifikar da ke iya saukowa can, ka zaga ɗakin a hankali. Wani wuri za ka ji ƙirjinka na rawa, ka ƙara taku biyu ka ji kamar an kashe. Ba a taɓa komai ba, kai ne ka matsa.

Masu aiki da kiɗan gargajiya abin ya fi shafa. Kalangu da kotso ganguna ne masu sauya murya, makaɗi yana matse tsirkiya murya ta hau, ya saki ta sauka. Yayin da muryar ke zamewa sama da ƙasa, tana iya ratsa wuraren da ɗaki ke kumburawa da inda yake haɗiyewa, sai ka ji bugu ɗaya ya yi tsalle ya fito, na bayansa ya nutse. Idan ka bi ɗaki ka daddatse gangar da EQ da kwamfuresa mai danne sautin da ya yi ƙarfi, ka kashe maganar da makaɗin yake yi da ita, kuma duk wanda ya tashi da jin kiɗan fada a ƙasar nan zai gane an taɓa wani abu.

Idan akwai zaɓi a gidan, ɗauki ɗakin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa suka bambanta. Mai ƙafa 12 a 14 da silin ƙafa 10 yana ba da 41 da 48 da 57 Hz, sun rarrabu, kowace ta ɗauki nata wurin. Mai 10 a 12 da silin ƙafa 10 kuwa faɗi da tsayi sun haɗu a kan 57. Tsohon ɗakin laka mai kaurin bango kada ka raina shi, yana tare hayaniyar waje kuma ya fi bulo sanyi da rana, sai dai ka tabbata ƙasa ba ta zubowa daga sama kuma ba ya yoyo da damina. Ɗakin da aka yi wa dekin ya fi riƙe bes a ciki. Silin roba yana barin wani ɓangaren bes ya fice sama, amma yana karkarwa, sai an bi shi da sukurori an ɗaure inda ya saki. Haka gilashin taga da ƙofar ƙarfe.

Wurin zama kyauta ne, kuma ya fi komai tasiri. Fuskanci gajeren bango, sautin ya bi tsawon ɗakin. Ka zauna daidai tsakiya tsakanin hagu da dama, amma ta fuskar tsawo kada ka zauna tsakiya, kada kuma bayanka ya jingina da bango. Inda aka saba farawa shi ne kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin daga bangon gaba. A ɗaki mai ƙafa 14 kunnenka zai kasance ƙafa 5 da inci 4 daga bango, a mai ƙafa 12 kusan ƙafa huɗu da rabi. Mafari ne kawai, daga baya za ka matsa gaba ko baya da taki ɗaya har ka sami inda bes ya fi daidaita.

Monitocin biyu da kanka su zama kusurwa uku mai tsawo ɗaya: idan tsakaninsu mita 1.2 ne, daga kowace zuwa kunnenka ma mita 1.2. Yi awon da zare ko tef, kada ka yi da ido, domin bambancin 'yan santimita yana janye muryar mawaƙi daga tsakiya zuwa gefe ɗaya. Karkato kowace ta dubi kunnenka. Tuwita, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, ta kasance daidai tsayin kunne idan kana zaune. A tsaye ake ajiye su. Kwantar da su ta gefe yana sa sautin ya riƙa canzawa da zarar ka ɗan juya kai.

Tazarar monita da bangon da ke bayanta ita ce inda ake yawan faɗawa rami. Bes yana fita ta kowane ɓangare, ya bugi bangon baya, ya dawo ya haɗu da wanda ke fitowa ta gaba. A wata murya, mai dawowar yana soke mai fitowar. Raba 350 da ninki huɗu na tazarar da ke tsakanin fuskar monita da bango, za ka san muryar da za ta ɓace. Mita ɗaya tana haƙa rami a kusan 87 Hz, daidai inda nauyin dukan ganga da bes suke. Santimita 60 tana kai ramin kusan 146 Hz. Santimita 30 tana kai shi kusan 290 Hz, inda allon tsotse sauti a bayan monitar zai iya rage shi. Saboda haka a ƙaramin ɗaki matso da su kusa da bango ya fi, ka bar kamar santimita 10 ga masu ramin iska a baya. Kusantar bango tana ƙara yawan bes, amma wannan yana da magani a bayan monitar: Yamaha HS tana da makunnin Room Control mai rage 2 ko 4 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) ƙasa da 500 Hz, JBL 305P MkII tana da Boundary EQ. Ƙarin bes ana iya rage shi da makunni. Ramin da sokewa ta haƙa kuwa, duk yadda ka ƙara ƙarfi mai dawowar ma ƙaruwa yake yi.

Kada ka ɗora su kai tsaye a kan tebur, katakon zai riƙa amsawa tare da su, fuskar teburin kuma ta dawo da sauti kunnenka. Mai walda zai yi maka ƙafafu biyu na bututun ƙarfe mai faɗi, da faranti sama da ƙasa, ka cika bututun da busasshen yashi don kada ya yi ƙara. Bulo da aka jera zuwa tsayin da ake so, da ɗan soso mai tauri a sama, shi ma yana yi.

Yanzu monitar kanta. Ga ɗakin da bai wuce ƙafa 12 a 14 ba, wufa, wato babban bakin da ke fitar da bes, mai inci 5 zuwa 6.5 ta isa. Yamaha HS5 tana saukowa zuwa 54 Hz, HS7 mai inci 6.5 zuwa 43, HS8 zuwa 38. Lura cewa HS5 ba ta cika taɓa 48 ɗin nan da ƙarfi ba, HS8 kuwa tana zuba mata wuta. A ganinmu HS5 ta dace da aikin waƙar Hausa saboda tsakiyar sautinta a fili take, ba ta ɓoye kaushin murya. Mai sauraron waƙarmu baiti yake bi, yana son ya ji kirari da habaici da amshi kalma bayan kalma, ko bege ne ko waƙar biki ko ta siyasa. Fitar kalmomi tana tsakanin 2,000 da 5,000 Hz, tsinin harafin s yana sama da nan kaɗan, cunkoson da ke sa murya ta zama kamar daga cikin kwali kuma yana tsakanin 200 da 400. Monitar da ke nuna maka waɗannan wurare sarai ta fi maka amfani a kan mai girgiza taga. Tarihin sana'ar ma ya nuna haka: Yamaha NS-10 da ta fito a 1978 ba ta da wani bes na a zo a gani, amma ta cika manyan situdiyon duniya shekara da shekaru, har aka daina ƙera ta a 2001.

Sauran ma suna da nasu. JBL 305P MkII tana baza sauti da faɗi, ko ka ɗan kauce daga tsakiya hoton ba ya rushewa. Adam T5V da T7V samansu a buɗe yake, suna nuna saɓanin otocun, wato manhajar daidaita muryar mawaƙi, da ƙarar numfashi da wuri. KRK Rokit da PreSonus Eris E5 da Kali LP-6 ramin iskarsu a gaba yake, sun fi sauƙin matsowa jikin bango. Sabwufa kuwa, wato lasifikar bes zalla, ka bar ta tukuna. Kuɗinta sa shi a hedifon na aiki, irin Audio-Technica ATH-M50x ko Sony MDR-7506, domin hedifon ba ruwansa da ɗaki, da shi za ka duba ƙasan bes ɗin da ƙaramar monita ba ta kai ba.

Kayan nan yawanci daga Legas ko Abuja ko Kano ake aiko su, hanya ce mai nisa. Ka nemi a gwada maka su a bidiyo kafin a rufe, a sa su cikin kwalinsu na asali da farin soson da ya zo da su. Abu na farko da za ka duba idan sun iso shi ne rubutun da ke kusa da ramin wuta a baya. Wutar Najeriya 230V ce, 50 Hz. Wasu monitocin suna karɓar 100 zuwa 240V, wasu kuwa, musamman na hannu da aka shigo da su daga Amurka, 120V kaɗai suke ɗauka, jona su kai tsaye sau ɗaya ya isa ya ƙone su. Idan na hannu ne, kafin a kunna sa yatsu a kewayen wufa ka danna a hankali daidai wa daida. Idan ka ji gurza a ciki, zaren koyil ya taɓu. Duba sukurori ko an taɓa kwance su, sansana ramin iska ko akwai ƙaurin ƙuna. Sannan kunna murya ɗaya ta duka biyun, dole ta tsaya a tsakiya cak. Idan ta karkata, ko ɗaya ta fi ɗaya kaifi, an sauya tuwita ko ta gaji. Akwai jabun shahararrun samfura a kasuwa, farashin da ya faɗi ƙasa sosai abin tuhuma ne.

Gyaran ɗaki kuma, mu fara da abin da ba ya aiki. Kiret ɗin ƙwai ba ya tsotse komai na kirki, ga saurin kama wuta. Siririn soso mai inci ɗaya yana cin sautin sama ne kawai, daga wajen 3,500 Hz zuwa sama, domin abu mai huhu yana aiki sosai ne idan kaurinsa ya kai kwata na tsawon zangon sautin. Zangon 100 Hz mita uku da rabi ne, kwatansa kusan santimita 87. Wanda ya lulluɓe ɗaki duka da siririn soso ko kafet ya kashe sama, ya bar bes yana yadda ya ga dama, ɗakin ya koma mai duhun sauti, shi kuma ya riƙa ƙara kaifi a waƙa har ta riƙa sukar kunne a waya.

Abin da ke aiki shi ne allo mai kauri na ulun dutse, wanda 'yan kasuwa ke kira rokwul, ko faibagilas. Ana samunsu wajen masu kayan rufin gini da kayan na'urar sanyaya ɗaki a manyan kasuwanni. Nemi mai nauyin kilo 40 zuwa 60 a kowace mita kubik. Yawanci yana zuwa a falle mai santimita 60 a 120, kaurin santimita 5, sai ka haɗa biyu su zama 10. Kafinta ya yi firam da katako mai inci 1 a 4. Katako ɗaya mai ƙafa 12 yana kusan isar firam ɗaya, ulun yana ɗan matsuwa ya shige. A shafa wa katakon maganin gara tun kafin a haɗa. A rufe gaba da baya da yadin da iska ke ratsawa. Gwajin mai sauƙi ne, sa yadin a baki ka hura, idan iska ta wuce ba wahala sauti ma zai wuce. Akoko yana yi, buhun algarara mai tsabta yana yi, shadda mai sitati da leda ba sa yi. Yadi biyu zuwa uku ya ishi allo ɗaya. Mai yankan ulun ya sa safar hannu da takunkumi da riga mai dogon hannu, a yi aikin a tsakar gida, domin ƙurarsa tana ƙaiƙayi kuma ba ta da kyau ga huhu. Allo ɗaya da firam ɗinsa zai kai kilo bakwai ko takwas, da fisha da sukurori ake rataye shi a bulo, ƙusa ba ta riƙewa.

Inda za a rataye su madubi ne zai nuna. Zauna a kujerar aiki, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon hagu daidai tsayin kunnenka. Duk inda ka hango monita a cikin madubin, nan sauti yake buguwa ya iso ka, sa alama. Haka za a yi a dama. Allo ɗaya kowane gefe, biyu a sama tsakanin kanka da monitocin, a rataye su da sarƙa ko waya mai ƙarfi a jikin katakon rufi, ba a jikin silin ba. Biyu a bayan monitoci, biyu a bangon da ke bayanka. Takwas ke nan, falle 16. Idan ka bar sarari na santimita 5 zuwa 10 tsakanin allo da bango, aikinsa zai ƙara sauka ƙasa ba tare da ka sayi komai ba. Ƙasan tayil kuma darduma mai kauri tsakanin kujera da monitoci ta isa.

Lunguna su ne gidan bes, kuma can kuɗin ulu ya fi biya. Yanka fallen gida biyu ya zama murabba'i mai 60 a 60, ka yanka kowane daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, falle ɗaya zai ba ka kusurwa-uku takwas masu fuskar santimita 60. Jera su a lungu ɗaya bisa ɗaya daga ƙasa har silin. Tsayin mita 3 yana cin guda 60, wato falle bakwai da rabi. A rufe fuskar da firam mai yadi. Fara da lunguna biyu na gaba. Idan ulun bai samu ba, tsohuwar katifar auduga ko ta soso mai kauri da aka naɗe aka tsayar a lungu tana rage wani abu, amma a nisanta ta da soket da fitila, a kuma riƙa duba ta saboda ƙwari.

Duk wannan gyaran sautin cikin ɗaki ne, ba ya hana maƙwabci jin ka, ba ya hana ƙarar kabu-kabu shigowa. Tare sauti yana son nauyi da toshe kafa: ƙofa mai kauri, roba a kewayen bakinta da ƙasanta, taga mai rufuwa ruf. A nan kuma sai an yi hankali. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, ɗakin da aka toshe ko'ina ba na'urar sanyi ba wurin zaman mutum ba ne, ba na kwamfuta ba. In ba ka da esi, bar hanyar iska, ka tsara lokacin aikinka. Sassafe ya fi shiru da sanyi. Lokutan sallah dama na dakatawa ne, kunne ma ya huta.

Fankar sama tana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Fukafukanta suna yanka sautin da ke dawowa daga sama, sai dogon sauti ya riƙa kaɗawa, ka zaci otocun ne ya kauce. Duk lokacin da za ka yanke hukunci a kan murya, kashe ta na ɗan mintoci. Bayan monita yana zafi, musamman masu farantin ƙarfe irin na HS, a bar masa iska, kada hasken rana ta taga ya riƙa sauka a kansu domin yana gajiyar da gam da robar bakin wufa. Da hunturu ƙura ba ta barin komai. Tela ya ɗinka musu riguna, a rufe su bayan sun huce. A share jiki da busasshen ƙyalle mai laushi, tuwita kuwa ko yatsa kada ya taɓa ta.

Sai wuta. Monitoci biyu masu inci 5 da laftof da sawunkad, wato akwatin da ke haɗa kwamfuta da monita da makirfo, ba su kai wat 200 ba, ƙaramar inbata da batir da sola za su riƙe su. Sharaɗin shi ne inbatar ta zama wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. Mai arahar nan da ba haka ba tana sa monita zuzu, tana kuma dumama taransifomar ciki. Ƙaramin janareta wutarsa hawa da sauka take, kada monita ta sha daga gare shi sai ta bayan sitabilaiza, shi kuma a ajiye shi a fili nesa da taga saboda hayaƙinsa yana kisa. Wajen kunnawa, kwamfuta da sawunkad su fara, monita ta zo ƙarshe. Wajen kashewa ita ce farko. Idan an ɗauke wuta kashe makunninta kafin a dawo da ita, idan hadari ya taso da tsawa zare fulogi gaba ɗaya.

Daga sawunkad, irin Focusrite Scarlett 2i2 ko makamancinsa, zuwa monita a yi amfani da waya mai TRS ko XLR, wadda kanta ke da zobe biyu baƙaƙe ko tsinke uku. Ita ce ke soke hayaniyar da waya ke kwasowa a hanya. Idan duk da haka kana jin gurnani, bi shi daki-daki. Zare wayar sauti daga bayan monita. In gurnanin ya tsaya, daga wajen sawunkad ko kwamfuta yake zuwa. Mayar da ita, zare cajar laftof. In ya tsaya, caja ce ko bambancin layin ƙasa tsakanin soket biyu, sai ka haɗa kayan duka a kan abin jona wuta guda ɗaya mai kyau. Gidaje da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, alamar ita ce ɗan jan da kake ji idan ka taɓa jikin laftof ko makirfo. Mai gyaran wuta ya kafa sandar ƙasa a wuri mai danshi, domin busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar wuta sosai. Kada a karya tsinken ƙasa na fulogi don a kashe gurnani, shi ne kariyar ranka. Wayar hannu kuma a nisanta ta da monita.

Ƙarfin sauraro yana canza abin da kake ji. Tun 1933 binciken masanan sauti Fletcher da Munson ya nuna kunne yana ƙara jin bes da sama idan an ƙure ƙara, shi ya sa kowace waƙa take daɗi da ƙarfi. Ga kuma lafiya: ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce awa takwas a kan 85 dB, kowane ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu, a 100 dB minti 15 ne kacal. A ƙaramin ɗaki 73 zuwa 76 dB ya wadatar. Kunna ƙarar gwajin da manhaja ke kira pink noise a kan -20 dBFS ta monita ɗaya, auna da manhajar awon ƙara ta waya a inda kanka yake, daidaita, ka yi wa ɗayar haka, sannan ka sa alama a maɓallin sawunkad. Idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ka wuce gona da iri. Mawaƙi da abokansa za su so a ƙure, ƙure musu minti ɗaya bayan an gama, ka koma kan alamarka.

Waƙarka a waya za a fi jin ta, da ƙaramar lasifikar Bluetooth, da rediyon mota da na shago, bayan WhatsApp da masu tura waƙa sun gama matse ta. Da yawa daga cikin waɗannan baki ɗaya gare su, kuma ba su san da 50 Hz ba. Danna mono, mai haɗa hagu da dama su zama baki ɗaya, a kowane mikisin ka ji ko 'yan amshi sun ɓace ko fiyano ya sirance. Ajiye ƙaramar lasifika ɗaya a gefen tebur don wannan. Zaɓi waƙoƙi huɗu ko biyar da ka san suna fita da kyau a ko'ina, ka riƙa sauraronsu a kujerar aiki a ƙarfi ɗaya da naka aikin, har kunnenka ya haddace yadda bes mai kyau yake a wannan ɗakin.

Mai son ya ga abin da ido, akwai manhajar REW, kyauta ce, tana aiki da makirfon awo irin miniDSP UMIK-1 mai shiga USB ko Behringer ECM8000 mai bi ta sawunkad. Kafa makirfon inda kanka yake zama, auna hagu daban, dama daban, ka fi mai da hankali daga 40 zuwa 300 Hz. Tudu mai faɗi ana iya rage shi da makunnin bayan monita ko manhajar gyara irin SoundID Reference. Rami mai zurfi kuwa matsa kujera ko monitocin santimita 10, ka sake aunawa, ka rubuta abin da ya canza kafin ka taɓa abu na biyu. Inda ka tsaya, sa alamar fenti ko salatif a ƙasa a ƙarƙashin ƙafafun monita da na kujera, domin ranar da aka yi shara za a iya gusar da su.